Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Mata Masu Ciwon Sukari a Kaduna da Horar da Jagororinta

Macen da aka tabbatar tana da ciwon sukari takan ga likita ne sau ɗaya a wata guda, ko a wata biyu, ko ma a wata uku. Za ta yi sammako ta bi layi, a ƙarshe ta samu 'yan mintoci a gabansa, sannan ta koma gida inda ainihin jinyar take: a madafa, a gidan biki, a cikin lissafin kuɗin cefane, da kuma tsakar dare idan jiri ya tashe ta ba ta san ko sukarin hawa ya yi ko sauka ba. Tambayoyin da suke tasowa a waɗannan wurare ba kasafai suke isa asibiti ba, wasu saboda kunya, wasu kuma saboda an manta da su kafin ranar komawa ta zagayo. Wadda ta fi cancanta ta fara jin su ita ce wata macen da ita ma take ɗauke da ciwon, domin ba a banza aka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne ba. Abin da zan bayyana shi ne yadda mata 'yan ƙalilan a unguwa ɗaya, Tudun Wada ce ko Rigasa ko Kawo ko Sabon Tasha, za su haɗa ƙungiyar taimakon juna, su horar da masu jan ragamarta, su kuma tafiyar da ita ba tare da ta koma wurin rubuta wa juna magani ba. Wannan haɗarin ne ya fi damuna, kuma zan yi ta komawa kansa.

Mataki na farko: a samu ma'aikaciyar lafiya kafin a tara mata

Yawancin masu niyyar alheri suna farawa da gayyato mata, sai daga baya su tuna da asibiti. Shawarata ita ce a juya tsarin. Ki fara da wurin da ake duba ki, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ne, ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko na Gwamna Awan da ke Kakuri, ko kuma ƙaramin asibitin unguwarku, ki nemi ganin nas ɗin da take kula da masu ciwon sukari a lokacin da layi ya ragu, ki gaya mata abin da kike son yi. Abubuwa uku za ki roƙa: ta yarda a kira ta idan an rasa amsar wata tambaya, ta riƙa leƙo zamanku ko da sau ɗaya ne a wata biyu ko uku, sannan ta riƙa sanar da matan da suke zuwa wurinta cewa ga ƙungiya nan ga mai so. Idan asibitin yana da mai ba da shawara kan abinci, ki nemi a haɗa ku. Ki kuma tambaya ko Ƙungiyar Masu Ciwon Sukari ta Nijeriya, wadda aka fi sani da DAN, tana zama a wurin, domin jingina da ƙungiyar da ta daɗe yakan sauƙaƙa abubuwa da yawa.

Abu ɗaya ne ba za ki roƙa ba, wato sunaye da lambobin wayar marasa lafiya. Ba hurumin asibiti ba ne ya ba ki, kuma macen da aka kira ta kwatsam aka ce an ji tana da sukari ba za ta taɓa sakin jiki da ƙungiyar ba. Ki bar taki lambar a hannun nas, mai so ta neme ki da kanta.

Mataki na biyu: gayyata, wuri da lokaci

Mata takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Idan suka haura haka, masu baki ne za su cinye zaman, masu kunya kuwa, waɗanda galibi su ne suka fi buƙata, su koma gida da maganarsu a ciki. Ya fi kyau su kasance na kusa da juna, yadda mace za ta tako da ƙafa ko ta hau Keke Napep sau ɗaya, saboda kuɗin mota yana cikin abubuwan da suke kashe irin wannan ƙungiya a hankali. Ajin Islamiyya a lokacin da babu ɗalibai, ko ɗakin taron coci inda Zumuntar Mata take haɗuwa, ko wani ɗaki a asibitin unguwa, ko gidan wata dattijuwa da kowa yake ganin girmanta, duk suna yi, muddin akwai banɗaki kusa kuma maza ba sa ratsawa. Kada a kafa allo a ƙofa. Akwai matar da ko kishiyarta ba ta san tana da ciwon ba, akwai budurwar da take allurar insulin tun tana ƙarama wadda iyayenta suke tsoron maganar ta fita ta kori manema, kuma dole ne su iya shigowa ba tare da unguwa ta san abin da ya kawo su ba.

Lokacin da ya fi dacewa da yawancin mata shi ne hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kuma an karya kumallo, kafin ɗora abincin rana. Awa ɗaya da rabi, sau biyu a wata. Maganar karin kumallo ba ƙarama ba ce, domin wadda ta sha maganinta ta fito da yunwa tana iya faɗuwa a tsakiyar zama. Inda maigida yake ɗari-ɗari da fitar, kada a mai da abin rigima: wata dattijuwa ta je ta gaishe shi, ta nuna masa 'yar takarda daga nas, ta bayyana masa cewa zaman na rage yawan kwanciya asibiti ne, wadda shi ne zai biya kuɗinta.

Mataki na uku: ƙa'idojin ranar farko

A zaman farko, bayan addu'a da gaisuwa, a faɗi ƙa'idoji da baki, kowace mace ta amsa cewa ta yarda. Ta farko ita ce amana: abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, ko ga miji ba a kai labarin wata. Ta biyu, babu mai ce wa wata ta ƙara magani, ko ta rage, ko ta daina, kuma babu aron ƙwaya ko allura, ko da kwalin iri ɗaya ne. Ta uku, ba a talla, musamman tallar maganin da aka ce yana kawar da sukari gaba ɗaya, irin wanda ake shela da lasifika a bakin kasuwa. Ta huɗu, ba a yi wa kowa faɗa saboda awonta ya hau. Macen da aka kunyata sau ɗaya za ta fara ɓoye lambobinta, daga nan kuma sai ta daina zuwa.

Batun abin taɓawa ma a yanke shi tun ranar. Idan aka bar shi ga al'ada, ba za a jima ba za a fara gasar kawo lemun kwalba da cincin. Ruwa da gyaɗa da yalo ko kokwamba sun wadatar. Sai dai a ajiye sukari a cikin ɗan gwangwani a jakar ƙungiya kullum, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Mataki na huɗu: zaɓen jagora

Kada a yi zaɓe a ranar farko, domin idan aka yi, wadda ta fi kowa kuɗi ko shekaru ko murya ce za ta samu, alhali babu ɗaya daga cikin ukun nan da yake nuna za ta iya. A bari a yi zama uku ko huɗu ana lura. Wace ce take zuwa kan lokaci? Wace ce idan wata tana magana take yin shiru har ta gama? Wace ce take iya cewa ba ta sani ba, sai an tambayi nas? Wace ce ba a taɓa jin labarin wani gida a bakinta ba? Jagora kamar uwar adashi ce, abin da ake duba mata shi ne riƙon amana da tsayawa kan lokaci. Ba sharaɗi ba ne a ce sukarinta ya daidaita sarai, amma sharaɗi ne ta kasance tana da ciwon, tana shan maganinta, tana kuma zuwa asibiti a ranar da aka sa mata. Ilimin boko yana taimakawa, amma wadda take rubutu da ajami kuma tana iya karanta lambobin na'urar awo ta isa.

A zaɓi biyu, jagora da mataimakiya, a horar da su tare, saboda ranar da ɗaya za ta kwanta ciwo ko ta tafi haihuwar 'yarta. A ware ma'ajiya daban, kada kuɗi da shugabanci su haɗu a hannu ɗaya.

Mataki na biyar: horon kansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne bai kamata a yi gaggawa ba. Zama shida na awa biyu-biyu, wanda ma'aikaciyar lafiya za ta jagoranta, ya fi taron yini ɗaya a otal inda ake raba takardar shaida a watse. Idan akwai ƙungiyoyi biyu ko uku a unguwanni maƙwabta, a haɗa jagororinsu a horar da su tare don a rage wa nas wahala.

Abin da za a fara da shi shi ne lambobi. Jagora ta san cewa awon safe kafin a ci komai, idan ya kai 126 mg/dL ko fiye a gwajin asibiti kuma aka maimaita aka samu haka, shi ne ake kira ciwon sukari. Ta san cewa ga yawancin manya masu ciwon ana son awon safe ya tsaya tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa biyu kuma ya kasance ƙasa da 180, sai dai likita yana iya sa wa mace nata ma'aunin daban, musamman mai ciki ko tsohuwa. Wasu na'urori da wasu asibitoci suna amfani da wani ma'aunin daban, mmol/L, inda 126 take zama 7.0, kuma ana samun wannan ne ta raba lambar farko da 18. Wannan ɗan lissafi yana hana firgita mai yawa, domin mace takan ga 7 a takardar asibiti alhali ta saba ganin ɗari da wani abu a gida, sai ta ɗauka sukarinta ya ƙare. A kuma bayyana mata gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga mutane da yawa ana son ya zama ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Sai awo da hannu. Kowace jagora ta yi shi a gaban nas har sai hannunta ya faɗa: a wanke hannu da sabulu a bushe shi sarai, a duba ranar lalacewar tsinken awo, wato ɗan siririn abin da ake sa wa na'ura a ɗiga masa jini, a rufe kwalbarsa nan take, a huda gefen yatsa ba tsakiyarsa ba. Wanke hannun yana da dalili, domin yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino yana iya ba da lamba mai tsoratarwa alhali jinin lafiya lau yake. Allurar huda yatsa kuwa kowa da tata, sabuwa, sau ɗaya, kuma abin harba allurar ma ba a yin tarayya a kansa, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. A tara waɗanda aka yi amfani da su a cikin gora mai kauri mai murfi, a kai asibiti.

Darasin da ba na son a taƙaita shi ko kaɗan shi ne saukar sukari, domin shi ne yake iya kayar da mace cikin 'yan mintoci, kuma ya fi samun masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, musamman idan sun sha magani ba su ci abinci ba. Alamominsa su ne karkarwa, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, ruɗewa, ko mace ta fara faɗa ba gaira ba dalili. Idan awo ya nuna ƙasa da 70, ko alamomin sun bayyana kuma babu na'ura a kusa, a ba ta sukari cokali uku na shayi a cikin ruwa, ko rabin kofin lemun kwalba mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo. Idan bai tashi ba a maimaita, idan ya tashi ta ci abinci. In kuwa ta suma, ko ba ta iya haɗiya, ba a ɗura mata komai a baki, domin zai iya bi ta hanyar numfashi: a kwantar da ita ta gefe, a nemi abin hawa, a tafi asibiti. Jagora ta maimaita wannan har ta iya faɗarsa ko daga barci aka tashe ta, kuma ta koya wa kowace mace yadda za ta koyar da mijinta da babban ɗanta, tun da su ne za su kasance a wurin idan abin ya faru da dare.

Haka nan ta haddace abubuwan da ba a jiran ranar zama a kansu: amai da ciwon ciki tare da sukari mai yawa, numfashi da sauri, barcin da ba na lafiya ba, na'ura ta nuna HI, wato sukari ya wuce abin da take iya aunawa, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, gani ya dushe farat ɗaya, da kowane irin gyambo ko kumburi ko baƙi a ƙafa. Amsar duka ɗaya ce, asibiti yau.

Ƙafa tana buƙatar zama guda cur. Ciwon sukari idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, har mace ta taka ƙusa ko ƙaya ba ta sani ba sai ta ga jini a takalmi. A horo, kowa ta cire takalmi ta zauna a tabarma, a nuna wa jagora yadda ake duba tafin ƙafa da dunduniya da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, da yadda wadda ba ta iya sunkuyawa za ta ajiye madubi a ƙasa ta duba da kanta. A yi maganar abubuwan da muka saba da su: faso a lokacin hunturu, wanda yake buƙatar mai kullum amma ban da tsakanin yatsu, goge kaushi da reza ko dutse mai kaifi, kai ƙafa ga masu yankan farce na yawo, kusantar da ƙafa ga kaskon garwashi don jin ɗumi, zuba ƙafa a ruwan zafi ba tare da an gwada shi da gwiwar hannu ba, yawo a tsakar gida ba takalmi. A tuna wa mata su riƙa tsane tsakanin yatsu bayan alwala, su zazzage takalmi kafin su sa, su kuma duba ƙafa da kyau kafin ƙunshi, domin lalle mai duhu yana iya ɓoye rauni ko canjin launi.

A kan abinci, aikin jagora shi ne ta kawar da tsoro da kuma ruɗu. Mata da yawa an gaya musu su bar komai sai tuwon alkama ko acca, sai su ci malmala uku suna ganin magani suke ci, alhali alkama da acca su ma suna ɗaga sukari idan aka cika ciki da su. Wasu suna ganin zuma da mazarƙwaila ba sa cikin lissafi, wasu kuma sun ɗauka ɗacin shuwaka yana maye gurbin ƙwaya. A kawo faranti na gaske a nuna: rabinsa ganye, kamar zogale ko rama ko alayyafo ko kabeji, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashin kuma tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunta. Zoɓo da kunu da fura a sha ba sukari, kuma kunu da fura a san cewa hatsi ne. Amfanin wannan tsari shi ne daga tukunyar gida ake ɗiba, ba sai an ɗora mata tukunya daban ba, abin da yawancin gidaje ba za su iya ba.

Zama biyu na ƙarshe a ba da su ga abin da ya fi wuya, wato sauraro da sanin iyaka, kuma hanyar koyar da su ita ce kwaikwayo. Wata ta zama mamba, ta zo ta ce, "Yaya, ni fa na gaji da ƙwayoyin nan, wata uku ke nan ina shan jiƙon da maƙwabciyata ta ba ni, kuma ina jin daɗin jikina." Jagorar da ba a horar ba za ta ce mata ta yi ganganci, ko kuma ta ce ta koma shan rabin ƙwaya tukuna. Duka biyun kuskure ne. Wadda aka horar za ta ce, "Sannu, gajiya da magani ba ke kaɗai ba ce, ni ma na san ta. Me ya fi damun ki da shi, kuɗin ne ko yana ɓata miki ciki?" Sai ta yi shiru ta ji amsa, domin sau da yawa a nan gaskiyar take fitowa: kuɗi ne babu, ko ƙwayar sukari ta metformin ce take sa ta gudawa, abin da likita yake da dabarar gyarawa. Daga nan ta ce, "Bari mu auna yanzu mu gani, gobe kuma in raka ki wurin nas, ki tafi da jiƙon a gani." A maimaita irin wannan da matsaloli daban-daban: Hajiyar da ta girme ta nesa ba kusa ba kuma ba ta son yarinya ta gaya mata magana, matar da ƙaiƙayin gaba ya addabe ta tana ta shan maganin sanyi, alhali yawan sukari ne yake dawo da shi, matar da sha'awarta ta ragu tana tsoron a yi mata kishiya, wadda ta daina barci da cin abinci tana yawan kuka, wadda ita ma asibiti ya kamata a kai ta, domin ciwon damuwa yana yawan tafiya tare da ciwon sukari. Jumlar da nake so kowace jagora ta saba da ita har ta daina jin nauyinta ita ce: "Wannan ba nawa ba ne, na likita ne, amma zan raka ki."

Mataki na shida: tafiyar da zama, da abin da ke tsakanin zama da zama

Tsarin zama ba ya buƙatar ado. A buɗe da addu'a, a zagaya kowa ta faɗi yadda makonni biyun suka kasance, a ɗauki batu ɗaya tak a tattauna, a miƙe a motsa jiki na minti goma, sannan kowace mace ta faɗi abu ɗaya ƙarami da za ta yi kafin zama na gaba, kamar rage sukarin shayi ko takawa bayan la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar, kuma wadda ba ta fita tana iya cika shi da zagayen tsakar gida. Tambayar da aka kasa amsawa a rubuta ta a littafi a ajiye wa nas.

Amma yawancin amfanin ƙungiya a tsakanin zama ne. A haɗa mata biyu-biyu, tsohuwar hannu da sabuwa, su riƙa kiran juna sau ɗaya a mako, su tuna wa juna ranar asibiti. Idan an buɗe dandalin WhatsApp, a yawaita saƙon murya saboda waɗanda ba sa karatu, a hana turo bidiyon magunguna, kuma a tuna cewa wasu wayar maigida ko ta ɗa suke amfani da ita, don haka ba wurin faɗar sirri ba ne.

Mataki na bakwai: kuɗi

A yi ɗan asusu wanda mafi ƙarancin hali za ta iya zubawa, a rubuta shige da fice, a karanta a gaban kowa duk wata. Amfaninsa kuɗin motar gaggawa ne da sayen tsinken awo a dunƙule. Jagora ta je ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, ta ji da kunnenta yadda ake rajista da abin da tsarin ya ƙunsa game da magani da gwaji, ta dawo ta bayyana wa mata. Idan wani mai hali ko ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a karɓi na'ura da tsinke, amma kada a yarda a ɗauki hoton mata ko a ba da sunayensu a madadin haka.

Lokutan da suke buƙatar shiri na musamman

Azumi shi ne na farko. Tun watan Rajab, wato mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, jagora ta tabbatar kowace mace ta ga likita an gaya mata ko za ta iya azumi, da yadda za a sauya mata lokutan magani. A gayyato malama ta yi bayanin sauƙin da aka yi wa mara lafiya a aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara, domin mata da yawa daga bakin malamai kaɗai za su yarda su sha ruwa. A nanata cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa nan take ko da saura kaɗan a kira magariba. Matan coci masu azumin kwana arba'in su ma wannan ƙa'ida ta shafe su.

Na biyu shi ne ciki da jego. Mai ciwon sukari da take son haihuwa ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, saboda akwai magungunan da ake canzawa, kuma daidaituwar sukari a makonnin farko tana da muhimmanci ga halittar jariri. Akwai kuma sukarin da yake bayyana a lokacin goyon ciki, wanda ake gwadawa tsakanin mako na 24 da na 28, kuma ko ya tafi bayan haihuwa ana so a sake gwaji bayan kamar mako shida zuwa goma sha biyu, a ci gaba da bibiya, domin yana iya dawowa ya zauna. Jagora ta je barka da idonta a buɗe: kunun jego da ake zuba wa sukari, ruwan wanka mai tsananin zafi ga wadda ƙafarta ba ta ji, da shayarwa wadda takan saukar da sukarin mai allura. Da kakar jariri za ta yi wannan magana, cikin ladabi, domin ita ce mai iko da ɗakin.

Na uku shi ne bazara. Insulin yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, ba a sa shi inda yake ƙanƙara, kuma kwalbar da aka buɗe takan yi kamar mako huɗu idan ba ta sha zafi ba, gwargwadon abin da takardar cikin kwalinta ta ce. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna, ga ɗaukewar wuta, yana iya rage masa ƙarfi. Dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu, tana taimakawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a ƙulle kwalbar a leda a sa a ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take ratsawa. A kawo tukwanen wurin zama a haɗa a gaban kowa.

Mataki na ƙarshe: fita waje da miƙa ragama

Bayan kamar shekara guda, jagora ta fara koyon magana a madadin mata a gaban hukuma. Littafin ƙungiya shi ne hujjarta: mata nawa ne, sau nawa aka rasa magani ko tsinken awo, nawa aka raka asibiti, ba tare da suna ko ɗaya ba. Da wannan za ta je wurin shugabar asibitin unguwa ko kwamitin lafiya na gunduma ta nemi abu ɗaya takamaimai, misali a ware ranar duba ƙafa. A shirya tafiya tare zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, ko wani asibitin ido, domin ana so mai ciwon sukari a duba bayan idonta sau ɗaya a shekara ko da tana gani garau, haka ma gwajin ƙoda, awon hawan jini kuwa a duk zuwa asibiti. Ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda aka ɗora a kan ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin a Toronto a 1921, dama ce ta neman fili a rediyo ko a Islamiyya, amma waɗanda suka yarda a san su kaɗai ne za su fito.

Wa'adin jagora ya zama shekara biyu, kuma tun daga tsakiyarsa ta fara ba mataimakiyarta zama ɗaya cikin uku ta gudanar, ita kuma ta zauna a gefe ta yi shiru, sai bayan an watse su tattauna abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Duk wata shida a maimaita darasin saukar sukari da na ƙafa a gaban nas, ga tsofaffin jagorori da sababbi. Idan mata suka haura goma sha biyar, a raba ƙungiyar biyu bisa kusancin gidaje, mataimakiya ta ɗauki ɗaya, kowane ɓangare ya zaɓi sabuwar mataimakiya, a raba abin da ke asusu a gaban kowa, sannan jagororin biyu su je tare su gabatar wa nas sababbin mataimakan domin a sa musu ranar fara horo.